Idon da na miƙa wa mai allura

Ni ba mai yawan magana ba ne, boko ma ban yi ba. Abokin zamana ɗan Kumasi ne ya rubuta mini wannan. Shekara talatin na yi a gidan wani Balarabe a unguwar Abu Hamour, can ƙasar Larabawa. Da tuƙi na fara, da girma ya zo aka mayar da ni bakin ƙofa. Na haura sittin da biyar lokacin da ganina ya fara cinyewa daga tsakiya. In na kalli mutum sai in ga kafaɗunsa da takalmansa, fuskar babu, sai tabo kamar hayaƙi. Na ɓoye abin, ina tsoron kafil, wato maigidan da ya ɗauke ni aiki, ya ce khalas, shi ke nan, ya sallame ni. Korona ta rufa mini asiri, kowa da takunkumi, ba mai mamaki in ban gane shi ba.

Da aka buɗe hanya na je gida hutu. Aka ce mini yanar ido ce, akwai mai ture ta da allura, ba asibiti, ba takarda. Takardar nake gudu, kada ta kai ga maigida. Na miƙa masa idon hagu. Kwana uku ya kumbura, bai ƙara ganin komai ba.

Lokacin gasar kofin duniya asirina ya tonu. Ɗan maigidan, wanda na yi shekaru ina kai wa makaranta, ya tafi da ni kallon ƙwallo. Jama'ar gefe nake gani, filin babu. Ya lura sai an yi ihu nake miƙewa. Washegari ya kai ni asibiti. Likita ya ce ba yana ba ce, can cikin idon ne shekaru suka ci. Ya ce akwai ɗan gilashi kamar ƙwayar wake da ake dasawa a ido ɗaya, ya ƙara girman abu har a gane fuska. Sai dai idon da aka dasa wa yakan rasa ganin gefe, ɗayan ne zai riƙe tafiya. Ya haska na hagun, ya daɗe, sannan ya ce, "Baba, wa ya taɓa wannan?"

Dashen bai yiwu ba, tunda babu idon da zai riƙe tafiya. Ba su kore ni ba. Maigida cewa ya yi da na faɗa tun farko, da ya kai ni duk ƙasar da ake aikin. Jikokina biyu, muryarsu kawai na sani.

Ciwon bai raba ni da aiki ba, ɓoyon ne ya raba ni da ido. Wanda duk ya ga fuskoki na ɓace masa, ya faɗa, ya ga likita. Kada ya miƙa wa mai allura ko ido ɗaya. Nawa da na miƙa, shi likita ya nema.