Baba Illiyasu Mai Kilima

Ku da kuka yi aiki da Baba Illiyasu a babbar makarantar nan tamu ta noma da kiwo a Konni, kun san ba ya gaida mutum kafin ya gaida inji. Da safe sai ya jingine tsohon kekensa, ya bi bayan gine-gine, ya manna kunne jikin kowane kilima, wato na'urar sanyaya ɗaki, ido a rufe. Ni malami ne a ɗakin gwaji, shekara goma sha ɗaya ina miƙa masa hannu yana cewa, "Dakata, Malam Sani, wanga bai kwana lahiya ba."

Wallahi da farko dariya nake yi. Sai wata Litinin ya tsaya bayan buro, wato ofishin direkta, ya saurara, ya nuna wani wuri da yatsa, ya girgiza kai.

"Ranka ya daɗe, kilimanka ba ya kai Jumma'a."

"Sabo ne fa, Baba! Bara aka ɗaura shi."

"To, ni dai na ji yana tari."

Ranar Alhamis da azahar kiliman ya tsaya cak. Da aka buɗe, wata 'yar waya ce ta ƙone, daidai inda ya nuna da yatsa. Ikon Allah! Direkta ya tambaye shi yadda aka yi ya sani, sai ya ce, "Shi ya gaya mini. Ku ma ya gaya muku, surutu ya hana ku ji."

Ga taurin kai! A wurin Baba, sanyi digiri ashirin da huɗu ne, ba ragi. Direkta kuwa sha shida yake so, har takardu su yi laushi. Suka yi ta ja. Rannan Baba ya sauko, ya kafa masa wani ɗan maɓalli a bango, ya ce ya murɗa yadda ransa ke so. Shekara uku direkta na murɗawa yana cewa, "Yawwa, yanzu na ji sanyi." Sai da aka zo yin fenti aka tarar ko waya ɗaya babu a bayan abin. Murfin tsohuwar rediyo ne! Muka ritsa Baba, ko murmushi bai yi ba.

"Ya ji sanyi ko bai ji ba?"

Amma ranar da na tabbata mutumin nan daban yake, cikin bazara ce, lokacin da wutar lantarkin da ke zuwa mana daga Najeriya ta yanke. Janareta ɗaya gare mu, tsoho, gini ɗaya yake iya ɗauka. Zauren taro cike da manyan baƙi daga Tawa, a ɗakin sanyi kuma ga allurar rigakafin shanu da makiyayan Illela ke jira. In ta yi zafi, ta lalace ke nan, ga ciwo ya shiga garke.

Baba bai tambayi kowa ba. Ya kashe zaure, ya juya wutar zuwa ɗakin sanyi, ya kulle akwatin wutar, ya zauna a bakin ƙofa da mabuɗi cikin aljihu. Sai ga direkta, babbar riga sharkaf da gumi.

"Illiyasu! Ka maido wutar nan ko yau aikinka ya ƙare!"

"Ranka ya daɗe, baƙinka su yi zuhwa su koma gida su yi wanka. Saniya in ta hwaɗi, wa ka tashe ta?"

Mutum mai 'ya'ya bakwai, saura wata biyar ya yi ritaya, amma ko gezau! Babban baƙon ya fito yana fifita da takardar jawabinsa. Da ya ji dalili, sai ya ce a fitar da kujeru, aka ƙarasa taron a gindin dogon yaro. Allura ko kwalba ɗaya ba ta ɓaci ba.

Bayan sati biyu ardon makiyayan ya aiko masa da ƙwaryar nono. Na ce in sa masa a firigo, wato firji.

"A'a, Malam! Sanyi na kashe ciki."

Ashe duk rayuwarsa ko ruwan ƙanƙara bai taɓa kurɓa ba!

Watan jiya muka kai shi makwancinsa a Tsarnawa, rana na dukan ƙeya. Ina zuba ƙasa na tuna ban taɓa ce masa na gode ba.

Allah ya jiƙan Baba Illiyasu, ya yafe masa, ya sanyaya masa kabarinsa. Amin.