Mun Yi Tsere da Hadari Daga Bilbis Zuwa Bungudu

Mun tashi daga Damba, unguwarmu a Gusau, ana sallame asuba, ni da wani abokina malamin makaranta, wanda ba ya da hira sai ta gajimare. Ƙwari sun cinye wa Innata irin geronta a Bungudu, Kawu na Bilbis kuwa yana da irinsa. So take ta yi binne, iri ya riga ruwan farko shiga ƙasa.

Hanyar Tsafe ta sha mu da shingayen bincike. Mun karya da kunu da ƙosai, ƙosan da ya ƙanƙance har sai ka haɗa biyu kafin baki ya san an yi baƙo. Nan malamin ya buɗe waya ya nuna mini hoton tauraron ɗan Adam. Ya ce shekara da shekaru ana ɗaukar gajimaren duniya daga sama, kuma hadarinmu daga gabas yake tasowa ya nausa yamma. Ga wani farin dunƙule ya doso mu!

A Bilbis Kawu ya auna mana iri, ya tsare mu da fura har azahar. Muna fitowa gabas ta yi baƙi ƙirin. Jama'a, ban taɓa jin daɗin tsoro irin na ranar ba! Ina tuƙi, malamin yana leƙa waya yana ihun na ƙara wuta. Mun ratsa Gusau ko gida ban kalla ba.

Muka tarar da Inna a gona da sungumi. Na ce mu zuba irin duka, tauraro ya gani. Ta ɗaga kai ta dubi sama.

"Wanga hadari ba namu na ba," in ji ta.

Na nace. Muka duƙufa, muna sara muna zubawa muna takewa, iska na kwashe mana huluna. Sai hadarin ya karkata arewa ya wuce. Ko ɗigo! In ruwa ya daɗe bai sauka ba, tururuwa da zabi ne za su ci irin Inna, kuma ni na jawo. Malamin ya sosa ƙeya, ya ce ai hotunan shekarun sun nuna hadarin farko yakan yi haka, zumuɗi ne ya mantar da shi. Inna ta kwance bakin zane ta nuna mana ƙulli. Ashe da muka miƙa mata irin, rabi ta ba mu muka shuka, ta ƙulle rabi.

Na dawo Gusau na koyi abu ɗaya: hoton yau ba ya isa sai an haɗa da na shekarun baya, na waya da na kan Inna. Amma rabin da ke ƙasa ya hana ni sukuni.

Rana ta uku da hantsi Inna ta kira ni a waya. Ba ta ko yi sallama ba, sai rugugin ruwa a kan kwano nake ji. Can ta ce, "Ka hwaɗa ma tauraron naka, ya iso."