Su Baba Ilu da balon da babu mai ɗauka

Jiya a gidanmu na Matankari, ƙanena yana kallon wasan rugubi a waya, sai Baba Ilu, wan babanmu, ya leƙo ya ce, "Wanga ai wasanmu ne."

Gaskiya ya faɗa. Tun ina yaro nake jin cewa shi da babanmu da ƙanensu suna cikin waɗanda suka fara buga rugubi a Dogon Dutsi, lokacin da wani Bature malamin makaranta, da suke kira Mushe, ya kawo balo, wato ƙwallo, mai kamar ƙwai lakwal ɗinsu. Na sha yin alfahari da wannan a gaban abokaina a Yamai, amma ban taɓa tambayar yadda aka yi ba.

Na ce, "Baba, ci nawa kuka yi?"

Ya ce, "Ci kuma? Mu 'yan kokawa ne, ɗana. Mushe ya ce duk wanda ya ɗauki balo a kada shi. Mu ko munka riƙa kadawa."

Gwaggo Hajo, ƙanwarsu, tana gyaran zogale a gefe. Ta ce, "Hwaɗa mishi sauran. Da yara sunka ga haka, kowa ya ƙi taɓa balon. Yana tsakiyar hili kamar mushen kaza, har Bature ya ɗauke abinshi. Daga ranan wasa ya mutu."

Baba Ilu ya gyara hula ya ce, "To, har yau dai ba a ci mu ba."

Ni kam daga yau zan rage cika baki a Yamai. Ku fa, wane tarihin gidanku ne bai kamata a tambayi gwaggo ba?