Buhu Mai Huda

Ni ba mutumin tatsuniya ba ne. 'Ya'yana ba su taɓa jin ko ɗaya daga bakina ba. Gero da dawa nake aunarwa a Kasuwar Muda Lawal, tun ina aji biyu na sakandare, tun ranar da mahaifinmu ya kwanta bai tashi ba aka ce babba shi zai riƙe rumfa. Ni ne babban. A nan karatuna ya tsaya, shi ya sa in kun ga rubutun nan ya karkace kada ku yi mamaki. Amma akwai tatsuniya guda da ta ƙi rabuwa da ni, kuma bara da kaka ta biyo ni har layin masu sayar da akwatuna.

Ta kakarmu ce. Dada muke ce mata. A gidanmu na Ƙofar Ran, in an kwashe tuwo ba ta yarda a kashe wutar murhu. Takan jawo kujerarta 'yar tsugunne ta zauna, ta ɗauko magogi tana goga goro, don haƙoran sun daɗe da yi mata sallama. Mu kuma mu kewaye ta, ni da ƙanena Nasiru da yaran sassan gidan. In 'yan'uwanta na ƙauyensu Zungur sun aiko da ɗanyar masara, sai mu jera a bakin garwashi, kowa ya sa wa tasa ido. Har yau in na ji ƙamshin masara ta fara ƙonewa, muryarta nake ji.

Ni takan fara tsokana. "Kai mijin nan nawa, ka zo hannu rabbana, kuma ka fi kowa matsowa wuta. Gobe zan kai ƙararka wurin alƙali."

"Ki kai mana. Wa zai kwashe ki in na sake ki?"

Sai ta yi dariya har ta yi tari, ta share baki da gefen zani, ta ce, "To ga ta nan tafe, ta sha hanya." Mu ce, "Ta shigo, mun share mata wuri."

Wai an yi wasu samari biyu a wani ƙauye, suka tashi za su tafi neman sani a wani gari mai nisa, bayan duwatsu. Hanyar daji ce, ba a san ta ba, sai dai a bi rana. Iyayensu suka auna wa kowa geron guzuri, suka tura su wurin wata tsohuwa a bakin gari mai ba matafiya buhu. Buhu biyu suka rage mata. Ɗaya sabo fil, saƙarsa ta matsu, ko gari aka zuba ba zai fita ba. Ɗayan tsoho, da 'yar huda a gindi. Na farko ya yi wuf ya ɗauke sabon. Na biyu ya juya tsohon ya ce, "Iya, ba ki da allura?" Ta ce, "Ina da ita. Ba zan ba ka ba."

Suka kama hanya. Mai tsohon buhu yana tafe gero na bin sa a baya, ƙwaya-ƙwaya. Da suka isa, rabin guzurinsa ya tafi. Ya sha yunwa, ya sha dariyar mutanen garin, abokinsa kuwa ya ci ya ƙoshi har ya yi kumatu. Suka zauna suka yi karatu, har kowa ya sami abin da ya je nema. Sai ranar nan mai tsohon buhu ya fita bayan gari, ya ga wani siririn layin gero ya tsiro, ya miƙe ya nufi duwatsu. Ashe damina ta bi ta kan abin da ya zubar, kuma duk shekara geron yana zubar da iri yana sake tashi. Ya bi shi, yana tafe yana karyar zangarniya yana ci, har ƙofar gidan uwarsa. Mai sabon buhu kuwa yana can. Ba a ce ya mutu ba, ba a ce ya talauce ba. Yana can dai.

"Ta koma inda ta fito," in ji Dada, "ku ma ku koma shimfiɗa."

Ni tun a lokacin labarin bai yi min ba. Na ce, "Dada, ai asara ya yi. Da ya sami ƙaya ya ɗinke."

Ta ce, "Kai dai ɗan kasuwa ne tun a ciki."

Nasiru, wanda ya fi ni kai, wannan ban taɓa musu ba, ya ce, "Ni sabon zan ɗauka. In na tashi dawowa sai in tambayi hanya."

Dada ta dube shi. Ta ce, "Wanda ya ƙoshi ba ya tambayar hanya."

Shekaru suka tafi. Ina rumfa ina auna gero, Nasiru yana aji yana cinye jarrabawa, har aka ce ya sami gurbin karatu a Rasha. Gidanmu ya cika da masu murna. Dada ta sa aka sauko mata da adudunta, wani tsohon akwatin saƙa da ta zo da shi gidan aure, ta ce ya tafi da shi. Nasiru ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce so take Turawa su sa shi a gidan tarihi. Ni na raka shi muka zaɓo wani ƙaton akwati mai zif biyu da ɗan kwado. Ni ne ma na ce a ɗauki babban, don kada ƙanena ya ji kunya cikin mutane.

To a gidanmu akwai wata al'ada. Ko Kano mutum zai je, yakan bar riga ɗaya rataye a ƙusa a ɗakinsa. Dada ta ce riga tana kiran mai ita. Malamai za su ce camfi ne, ni ma ban ce ba shi ba ne. Amma akwatin Nasiru ya yi girma, ya haɗiye komai, riguna, takalma, littattafai, har allonsa na makarantar allo da ya daɗe bai taɓa ba. Ni na ɗora shi a kai har tasha.

Da na dawo na tarar da Dada a ɗakinmu. Idonta ya riga ya yi rauni, tana bin bango da tafin hannu, daga wannan ƙusa zuwa waccan. Ta ji motsina ta ce, "Bai bar ko hula ba?"

Na ce, "Mantawa ya yi."

Ta ce, "Uhm."

Daga ranar ba ta ƙara yin tatsuniyar buhu ba. Jikokin da suka taso bayanmu ba su san ta ba. Abin da ya rage mata tambaya ɗaya ce, duk shekara in hadari ya fara haɗuwa. Ina shigowa daga kasuwa za ta ce, "Maigida, an yi ruwa a Zungur?" In ce an yi. Ta ce, "To." Ba ta ƙarawa, ni ma ba na tambaya. Haka ta yi ta yi har shekarar da muka kai ta makwancinta. Ta'aziyyar da Nasiru ya aiko ta iso bayan an yi arba'in. Yana nan da ransa, ya yi aure a can, ya zama babban mutum. Yakan kira ranar Sallah, Hausarsa tana ɗingishi, ya ce, "Yaya, ina nan tafe." Ni kuma in ce Allah ya kawo ka. Duk mun san zancen.

Yanzu ga 'yata ta fari. Sunan Dada na sa mata, Hauwa'u, muna kiranta Jidda. Ta ɗauko kan baffanta, ba nawa ba. Bara aka ɗauke ta karatun likita a Masar. Mutane suna ta yi min barka, ina amsawa da baki kawai. Na ce ni zan raka ta zaɓen akwati, uwarta ta dube ni don ba ta saba ganin haka ba.

Mai shagon wani yaro ne mai zaƙin baki. Yana ganinmu ya ce, "Alhaji, sannu da zuwa."

Na ce, "Ban je ba."

"Allah zai kai ka. Hajiya ce mai tafiya? Jirgi ko mota?"

Jidda ta ce jirgi. Ya shiga jawo su yana jerawa, masu taya biyu, masu taya huɗu, na yadi, na roba mai tauri. Ya ce na yadi ya fi sauƙin ɗauka amma ma'aikatan jirgi jifa suke yi da kaya, gara mai tauri. Ya ce a duba zif, a duba hannu, taya kuwa in ta karye a baƙon wuri an shiga uku. Duk gaskiya ya faɗa. Sannan ya jawo wani ƙato ruwan toka, ya kwantar da shi, ya hau kai ya tsaya da ƙafa biyu.

"Ka gani? Wannan ɗaki ne guda. Duk abin da ta mallaka zai shige, kuma in ta rufe ko allura ba ta faɗuwa."

Idon Jidda yana kansa, na gani. Na nuna wani matsakaici a gefe na ce, "Wancan."

Ta matso ta rage murya. "Baba, shekaru zan yi fa."

"Na sani."

"In don tsada ne, akwai na yadi babba."

"Ba tsada ba ce. Wancan za a ɗauka."

Mai shago ya ce, "Baba, ƙaramin nan ba zai ɗauke mata kaya ba, sai ta bar rabi a gida." Na ce da shi ya ɗaure bakinsa ya ɗaure akwati. Muka hau keke har gida, akwatin yana tsakaninmu.

Ana gobe za ta tafi, da la'asar, ita da uwarta suka zauna shirya kaya. Ina tsaye a bakin ƙofa ina jira in ga abin da zai rage. Aka ninke atamfofi aka sa. Aka sa hijabai, takalma, littattafai, Alƙur'aninta, ƙullin kuka da yaji da daddawa. Uwarta ta waiga tana neman saura. Babu saura. Jidda ta ja zif ya rufe salin-alin, ba a ko danna ba, har da wuri a sama.

Na yi ta dabara in rage mata akwati don ta bar wani abu, ashe duk abin da yarinyar nan ta tara a gidana, tun haihuwarta, bai cika ƙaramin ba.

Na shiga na buɗe, na zaro wani tsohon hijabinta ruwan ƙasa wanda take sallar asuba da shi, na rataye a ƙusar bayan ƙofa.

Ta ce, "Baba, akwai wuri fa."

"Na gani."

Ta dubi ƙusar, ta dubi uwarta. Ashe uwar ta taɓa ba ta labarin Dada da bangon ɗakinmu. Sai ta sunkuya ta ciro takalmanta na zuwa biki, waɗanda ta fi so, ta ajiye su a ƙarƙashin hijabin, ta daidaita su. Ta ce, "Hijabi ba ƙafa ba zai iya zuwa ɗauko ni ba." Ta yi dariya, uwarta ta juya baya. Ni na fita, na ce ana jirana a masallaci.

Na daɗe ina juya tatsuniyar nan a rumfa, ni da kullum da allura a hannuna ina ɗinke buhu. Da ina ɗauka Dada tana koya wa mai tafiya ne yadda zai zaɓi abin zuba kaya. Yanzu na ga akwai abin da ba ta faɗa mana ba. Ta ba mu labarin wanda ya tafi, ba ta ba mu labarin geron ba. Akwatin Nasiru ma ai ya zubar. Ita ta zube, ni na zube, gidan Ƙofar Ran ya zube. Muka tsiro a inda muka faɗi, muka tsaya a layi, damina bayan damina, ba wanda ya biyo mu. Gero ba ya jawo kowa. Iyakarsa ya tsaya a inda za a gan shi, in an waiwayo.

Jidda tana kira duk Juma'a. Nasiru ma haka ya fara da wasiƙu, ban manta ba. Ban ce za ta zama shi ba, ban kuma ce ba za ta zama ba. Hijabin yana nan, uwarta takan kaɗe shi ta mayar. Takalman ma ba wanda ya isa ya taɓa.

Yau da hantsi wani manomi daga wajen Zungur ya kawo min dawa, muna sauke buhu sai na ji bakina ya ce, "An yi ruwa a Zungur?"

Ya ce, "An yi, jiya, har ƙasa ta jiƙa."

Na ce, "To."