Uwar 'Yan Kwikwiyon da Na Hana Masauki

Shekara goma ke nan cif da rasuwar yayana Sani, kuma har yau in 'yan uwanmu na nan Beltsville suka tashi yabonsa, sai su tsallake aikin da ya yi. A ce mutumin kirki ne, ba ya fashin jam'i, sai a ja baki a yi shiru. Ni ƙanwarsa na fi kowa iya wannan tsallakewar, shi ya sa bana na ga gara in faɗa da bakina.

Yaya Sani kiwon lafiyar dabbobi ya karanta a gida. Da ya zo Amurka takardunsa ba su yi masa rana ba, sai ya kama tuƙi, motar da aka ba shi kuwa ta dakon 'yan kwikwiyo ce. Yakan tashi daga Sterling inda yake haya, ya yi tafiyar yini zuwa wasu manyan gonaki da ba a kiwon komai a cikinsu sai karnuka, ya ɗebo 'ya'yan ya rarraba wa shaguna. Mu kuwa duk damuwarmu ba ta wuce yawun kare ba. In zai zo gidana sai ya canza kaya a mota, ni kuma in tare shi a ƙofa da buta da sabulu. Sarkin Karnuka nake ce masa, yana dariya.

A hankali dariyar ta ragu, ya fara ba ni labarin abin da yake gani. Keji ne bisa keji, ƙasansu na waya, ƙazantar na sama tana zuba kan na ƙasa. Karya ta haihu, a raba ta da 'ya'yan tun ba su ƙoshi da nono ba, a sake haɗa ta da namiji. Ba ta da suna, lamba ce a jikin keji. Ya ce ko a ƙauyenmu, inda ba a ɗauki kare a bakin komai ba, yana yawonsa, yana kwanciya a inuwa. Ina jinsa ne kawai ina yankan albasa, a raina ina cewa mutane ma ba su gama shan wahala ba balle kare.

Wata Asabar da la'asar sai ga shi da kwali. Wata tsohuwar karya ce da ta daina haihuwa, mai gonar zai kawar da ita, Yaya ya roƙa aka bar masa. Haƙoranta sun zube, yatsunta sun wawware saboda tsayuwa a kan waya. Da ya sauke ta a kan ciyawa sai ta ƙame tana rawar jiki, don tun da aka haife ta ba ta taɓa taka ƙasa ba.

"Binta, ki taimaka ki bar ta a lambun nan naki," in ji shi. "Wata ɗaya kawai. Inda nake ba a yarda da dabba ba."

"Haba Yaya, a gidan da yara ke karatun Islamiyya ran Lahadi? Me zan ce wa iyayensu?"

"Ki ce musu ba ta da lafiya."

"Ka yi haƙuri, ba zan iya ba."

Ya mayar da ita cikin kwalin ya kai mota, ya miƙo hannu na zuba masa ruwa kamar kullum. Daga baya na ji wata nas 'yar Filato, Anti Rifkatu ta College Park, ita ta karɓe ta. Shi kuma ya ajiye aikin ya koma ɗaukar fasinja a filin jirgi, har ciwon zuciya ya ɗauke shi a shekarar da ta biyo. Bai taɓa tayar mini da zancen ba, kuma da ya yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

Ranar zaman makoki Anti Rifkatu ta zo mana gaisuwa. Ta bar karyar a mota don kada ta ɓata mana rai, ta ɗan sauke mata gilashi. Na hango ta ta taga. Ko a ranar ban iya cewa a sauko da ita ba, kunyar mutanen da suka cika falona ta hana ni.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Jihohi sun fara yin dokar hana shaguna sayar da kwikwiyon irin waɗannan gonaki, kuma na san zai ji daɗi. Amma cinikin ya koma intanet, inda ake ɗora kwikwiyo a kan farin bargo a ɗauke shi hoto, ba a nuna kejin da ya fito. Ina jin da yana nan da ya girgiza kai ya ce har yanzu da sauran aiki.

Bai bar gida ba, bai bar 'ya'ya ba. Abin da ya bar mini shi ne na kasa ganin kyakkyawan kwikwiyo ban yi tunanin wadda ta haife shi ba. Kwanaki wata abokiyar aikina ta nuna mini wanda za ta saya, na ce ta fara neman a nuna mata uwar da inda take kwana. Ta nema, aka daina amsa mata waya.

Har gobe ba na taɓa kare, kuma ban ce kowa ya taɓa ba. Yaya ma bai ce in taɓa ta ba, wuri kawai ya nema. Allah ya jiƙansa. Wata ɗaya ya roƙe ni, ni kuma ga shi na shekara goma ina neman wanda zan ce wa na yarda.