Nagima Apa, Mai Kankare Fenti

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, 12 ga Fabrairu, bayan azahar, labari ya zaga garinmu Olgi ta rediyon oba-oba, daga wannan mota zuwa waccan, cewa Nagima Apa ta rasu. Ya dace ta nan mu ji, domin duk motar haya da ke bin hanyar Tsengel, hannunki ne ya ɗaura mata eriya.

Apa, yau zan faɗi abin da girman kai ya hana ni faɗa shekara tara. Ranar da na kawo miki sabuwar motata, ina taƙama kamar ango, na ce a kafa min eriya a kan rufi. Ko kallona ba ki yi ba. Kika zagaya bayan motar, kika sa sukudireba a saman ƙofar baya, kika hau kankare fenti.

"Apa, fentina! Motar nan ko sati ba ta yi ba!"

"Tileukhan, sai ƙarfe ya taɓa ƙarfe, in ba haka ba muryarka ko bakin gari ba za ta kai ba. Rufi kuwa, ai na san halinku direbobi. Gobe ka lafta masa tanti da tumaki biyu, ka karya min eriya. Je ka sha shayi, ka ba ni wuri."

Na sha shayin ina cika ina batsewa. Wata guda ban gaishe ki ba.

A Janairun da ya biyo baya, da rana tsaka, ina ɗauke da mutum shida, mota ta zame daga kan tudu ta kifa hanci cikin kwazazzabo mai cike da dusar ƙanƙara. Gaba ya nutse, dusar ƙanƙara ta binne rufi, inji ya mutu. A irin sanyin nan, wanda rana ta faɗi yana daji ba ya ganin safiya, kuma kowa a cikin motar ya san haka. Abu ɗaya ne ya rage a sarari, wato ɓangaren baya na motar, da eriyarki a kansa tsaye ƙyam. Na danna rediyo. Kira ɗaya na yi, wani direban babbar mota ya amsa daga bayan dutse, muryarsa rangaɗau kamar a kunnena yake. Kafin la'asar tarakta ta iso. Mu bakwai muka fita da ƙafafunmu, ko yatsa babu wanda ya rasa.

Da na zo godiya, sai na tsaya ina ta murza hula. Kika duba notin eriyar, kika ƙara ɗaure shi, kika ce, "Fentin dai bai dawo ba, ko?" Kika yi dariya kika sallame ni.

To Apa, kin yi gaskiya, ni ne na yi wauta. Ranar Alhamis mu huɗu daga cikin bakwai ɗin nan muka ɗauki makararki, kuma ba mu yarda kowa ya karɓe mu ba har bakin kabari.

Allah ya jiƙan ki, ya yalwata makwancinki, ya sa kowane rai da aikinki ya ceto ya zama shaida a gare ki. Ga mijinki Bekbolat Aga da 'yarki Zauresh, Allah ya ba ku haƙuri. Ya Allah, kamar yadda ta sa aka ji kiranmu ranar da muka rasa mafita, ka amsa kiran da muke yi mata yau.