Giyayyar da Ta Ƙwace Min Inna

Ko zan manta da komai, ba zan manta da ranar da bishiya ta raba ni da mahaifiyata ba.

Lokacin soja ke mulki, kuɗin mai ya shigo. Na samu kwangila, na gina gida a Sama Road, na jera furannin Turawa har bakin ƙofa. Ni ne babban ɗa, don haka Inna a wurina take zaune, kamar yadda aka saba. Ƙanena kuwa fili ya samu a Kwalkwalawa, gefen fadama, inda ruwa ke kwanciya duk damina. Ya dasa mangwaro ya ruɓe, gwaiba ma haka. Daga ƙarshe ya tono 'yar giyayya a fadama, itacen nan da ba ya gudun ruwa, ya kafa a tsakar gida. Na yi masa dariya har da riƙe ciki. Wa ke dasa itacen daji a gida?

Bayan shekaru matarsa ta haihu, na kai Inna suna a motata. Giyayya ta baza rassa, ta yi fure, ƙamshi ko'ina. Inna ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a gindinta. Da la'asar na ce ta taso mu koma.

Ta ce, "Tahi kai dai. Ƙarƙashin irin wanga icce uwata ka yi min kitso. Nan ni ka zama."

"Haba Inna, ga lantarki, ga fanka can gida!"

"Hwankarka ba ta ƙamshi, ɗana."

Wallahi kishi ya turnuƙe ni. Ƙanena ya sunkuyar da kai yana cewa, "Yaya, ka yi haƙuri," amma ai na ga murmushin da yake ɓoyewa. Washegari na sa aka tono min giyayya aka dasa a gidana, tankar ruwa na zuwa ban ruwa kullum. Ina! Filina tudu ne mai rairayi, ruwan ya tsiyaye, itacen ya bushe. Na sake, ya sake bushewa.

Inna ba ta dawo ba. A inuwar nan ta ƙarasa kwananta, ni babban ɗa ina zuwa gaisuwa kamar baƙo, ƙanena na kawo min ruwan sha. Har yau abin na sosa min rai. Amma na koyi darasi: kafin ka cika wa tsohuwarka ɗaki da abin da kake so jama'a su gani, zauna ka tambaye ta abin da take kewa.